Yadda ake tantance Toyota AE86: bodi, fuska, zubi da aji

Toyota ta ƙera AE86, wata ƙaramar Corolla mai jan baya, daga watan Mayun 1983 zuwa 1987. Shekara huɗu ne kacal, amma a cikinsu motar ta fito da fuska iri biyu, bodi iri biyu, zubi biyu (na farko da wanda aka yi wa kwaskwarima), ga azuzuwa da suka bambanta daga wannan ƙasa zuwa waccan. Bayan haka ta yi kusan shekara 40 tana yawo a hannun 'yan tsere, bakanikai da masu gyaran bodi, kuma da can tana da araha, don haka ba wanda ya ji tausayinta. Yau da wuya a samu wadda ke ɗauke da duk kayan da ta baro masana'anta da su.

Abin da ake ɗaurawa da noti, ana iya kwance shi da sifana a sa wani. Fitila, bamba, bonet, tambari, kujera, har inji, duk ana sauya su. Shi ya sa wannan jagora ya fara daga abin da aka buga a jikin ƙarfe da abin da ke ƙarƙashin mota, fuska da fenti suka biyo baya. Yawancin masu saye akasin haka suke yi, kuma nan ake cin kuɗinsu.

Ka tanadi tocila mai haske sosai, ƙaramin maganaɗisu, tsumma, jak da ƙarafunan tokare guda 2, ma'aunin kaurin ƙarfe, da waya mai ɗaukar hoto. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai.

Mataki na 1: Tabbatar cewa da baya take ja

Buɗe bonet. Idan injin yana kwance a tsaye, daga gaba ya nufi baya, kuma furofela ta bi ƙarƙashin mota ta tarar da aksil ɗin baya, to kana kan hanya. Idan yana gicciye, ba AE86 ba ce.

Wannan dubawa ta minti ɗaya tana da dalili. A 1983 Toyota ta mayar da yawancin Corolla masu jan gaba, irin su AE82, ta bar AE86 da 'yar'uwarta mai ƙaramin inji, AE85, suna ja da tayoyin baya. Wasu daga cikin AE82 ma suna da inji 4A-GE, irin na AE86 mai ƙarfi, da tambarin GT. Sannan magajiyarta, AE92, wadda aka yi daga 1987 zuwa 1991, ta gaji sunayen Levin da Trueno da ake sayar da AE86 da su a Japan, har da fitila mai buɗe ido a Trueno ɗinta, amma da gaba take ja. A hoto suna ruɗa wanda bai saba ba. Rim ma yana tona asiri: AE86 tana da noti 4 a da'irar milimita 114.3, AE92 kuwa noti 4 a da'irar milimita 100.

Mataki na 2: Karanta lambar shasi da faranti

A bangon da ya raba ɗakin inji da cikin mota akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfen kansa. Goge wurin da tsumma, ka haska tocila daga gefe don haruffan su yi inuwa. Za ka ga AE86 ko AE85, sai lambobi 7. Waɗanda suka fara da 5 daga masana'antar Kanto suka fito, masu farawa da 0 kuma daga Takaoka. Wannan bai sa wata ta fi wata ba, amma lambar da ba ta bi ɗayan tsarin nan biyu ba abin tuhuma ce.

Kada ka tsaya ga karanta lambar, ka duba ƙarfen da ke kewaye da ita. Alamar walda mai kusurwa huɗu, fenti da ya fi na sauran bangon kauri, ko haruffa da ba su daidaita a layi ɗaya ba, duk suna nuna an yanko lamba daga wata mota an liƙa. In da hali, ka leƙa bayan bangon daga cikin mota, ƙarƙashin dashbod, domin mai ɓoye walda yakan gyara fuska ya manta da baya.

Kusa da nan akwai ƙaramin faranti da aka kafe da kusoshi biyu. Shi ne takardar haihuwar motar, kuma lambar shasin da ke kansa dole ta yi daidai da ta jikin bango da ta takardu. Layin farko yana ɗauke da cikakken sunan samfurin. Ɗauki misalin wata ta kasuwar Japan: AE86-FCMVF. Haruffa 5 na ƙarshe kowanne da aikinsa.

Na farko, F na nufin Sprinter Trueno, E kuma Corolla Levin. Na biyu, C bodi mai ƙofa 3 ne, S mai ƙofa 2. Na uku, M giya manuwal ce mai 5, P otomatik. Na huɗu, V ajin GT-APEX ne, Q kuma GT ko GT-V, bodin ne zai raba maka su tunda GT mai ƙofa 2 ce, GT-V mai ƙofa 3. Na biyar, F, yana nuna inji mai kamshaf biyu da injekta. Ke nan FCMVF Trueno ce mai ƙofa 3, manuwal, GT-APEX. Idan faranti ya ce ECMQF amma motar da ke gabanka tana da fitila mai buɗe ido da tambarin APEX a baya, to Levin GT-V ce aka sauya wa fuska. Ba laifi ba ne, mota ce mai kyau, amma farashinta daban.

Sauka zuwa layin giya da aksil. T50 ita ce giyabos manuwal ta asali. A gefenta za ka ga T282 ko T283. Harafin T yana nufin babban difa mai inci 6.7, lamba 28 rabon juyi ne na 4.30, lambar ƙarshe kuma ita ce mai muhimmanci: 2 difa ne na gama-gari, 3 kuwa LSD, wato wanda ke hana taya ɗaya yin juyin banza ita kaɗai. LSD ba kowace AE86 ke da shi ba, a yawancin kasuwanni sai mai saye ya nema ya biya. Farantin yana kuma ɗauke da lambar launin fenti da ta kayan ciki. Ɗauki hotonsu, za su yi amfani a mataki na 7.

Motocin Amurka suna da ƙarin lamba mai harafi 17 a kan dashbod, kuma tana da wani tarko. Mai inji 4A-GE, wato GT-S, lambarta tana farawa da JT2AE88. Mai farawa da JT2AE86 ita ce SR5, mai ƙaramin ƙarfi. Wato a can, ganin AE86 a wannan lambar ba abin murna ba ne. Harafi na 10 shekara ce: E 1984, F 1985, G 1986, H 1987. GT-S ba ta fito ba sai samfurin 1985, don haka duk mai harafin E da aka ce maka GT-S ce, haɗa ta aka yi.

Mataki na 3: Ware AE85 da SR5

A nan aka fi yin asara, domin bodinsu ɗaya ne da na AE86 mai ƙarfi. Tsawo ɗaya, faɗi ɗaya na milimita 1,625, tazarar taya gaba da baya ɗaya ta milimita 2,400. Bambancin yana ƙasa.

AE85 ta kasuwar Japan ce, da inji 3A-U mai cc 1,452, kamshaf ɗaya da kabureta, ƙarfinsa doki 83 zuwa 85. Azuzuwanta sun haɗa da SR, SE, GL da XL. SR5 ta Amurka da Sprinter ta Ostireliya suna da inji 4A-C mai cc 1,587, shi ma kamshaf ɗaya da kabureta, bai kai doki 90 ba. Mutane da yawa sun cire waɗannan injina sun sa 4A-GE, kuma aikin yana yiwuwa. Matsalar ita ce yawanci a inji ake tsayawa, a bar sauran.

Ɗaga bayan motar, ka tokare ta da kyau, ka duba abubuwa huɗu.

Birkin baya. AE85 da SR5 birkin ganga suke da shi a baya. GT-S, GT-V da GT-APEX birkin faifai ne a tayoyi huɗu. Sai dai ka kula, GT mai ƙofa 2 ta Japan ainihin AE86 ce mai 4A-GE, amma ita ma ganga ce a bayanta. Ganga kaɗai ba hujja ba ce, sai an haɗa da faranti.

Aksil. Na AE85 da SR5 ƙarami ne, lambarsa a faranti da S take farawa. Ba a yi shi don inji mai juyawa har 7,500 ba, kuma LSD na T ba ya shiga cikinsa. Wanda ya sa 4A-GE ya bar ƙaramin aksil, yana fizgar mota daga tsaye, difa zai fara kuka kafin a je ko'ina.

Hanyar mai. Kabureta da ɗan matsi take aiki, injekta kuwa tana buƙatar matsi mai ƙarfi, famfon lantarki da bututun da ke mayar da rarar mai tanki. Idan ka ga famfo an ɗaure shi da waya a gefen shasi, tiyo na roba ya bi ƙarƙashin mota daga baya har gaba, to an yi aikin gaggawa. Tankin kabureta kuma ba shi da shingen da ke riƙe mai a bakin famfo, don haka a kwana mai tsawo, idan mai ya yi ƙasa da rubu'in tanki, injin zai riƙa yankewa. Maganinsa tankin asali na mai injekta da bututunsa na ƙarfe.

Kuloci. AE85 da waya take jan kuloci, AE86 da mai. Duba bangon inji gefen direba: ya kamata ka ga ƙaramin kofin man kuloci kusa da na birki. Idan an huda bangon da hannu aka ɗaura shi, ramin ba zai yi zagaye mai tsafta ba, kuma sau da yawa ƙarfen wurin yana lanƙwasawa idan aka taka feda, tunda ba a ƙarfafa shi ba.

Tunda bayan yana sama, gwada LSD. Sa giya a firi, saki birkin hannu, juya taya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta bi ta gefe ɗaya, akwai LSD mai rai. Idan ta juya akasin haka, ko difa na gama-gari ne ko LSD ɗin ya cinye. Akwai kuma na uku: masu zamiya da mota sukan yi wa difa walda ya zama dunƙule. Shi ma tayoyin tare suke juyawa, amma idan ka tuƙa motar a hankali ka yi kwana mai tsanani, tayar ciki za ta riƙa tsalle tana ƙara. Difa mai walda yana cin taya, yana karya sandar aksil, kuma a titi mai ruwa haɗari ne.

Mataki na 4: Bodi

Wannan a bayyane yake. Mai ƙofa 2 tana da but daban, gilashin baya a kafe. Mai ƙofa 3 gilashin baya da murfin tare suke ɗagawa. Daga gilashin gaba zuwa hanci kayansu ɗaya ne, daga bayan ƙofa zuwa ƙarshe kuwa kusan ba abin da suka haɗa: gilashin gefe, murfi, robobin gilashi, fitilun baya, duk daban.

Mai ƙofa 2 ta ɗan fi sauƙin nauyi, kuma bayanta ya fi tauri saboda babu babban rami a jikinsa. GT mai ƙofa 2 kilo 900 ce, GT-APEX mai ƙofa 3 ta zubin farko kilo 940. Mai ƙofa 3 ta fi yanka iska kuma ta fi ɗaukar kaya. A kasuwa ita ta fi tsada, amma ga wanda tuƙi ya dame shi ba ado ba, mai ƙofa 2 ba ta gaza da komai ba, kuma ba ta cika ƙarar murfi da yoyon ruwa ba.

Mataki na 5: Fuska

Levin fitilunta a kafe suke, masu kusurwa huɗu, da raga a tsakaninsu. Trueno fitilunta suna kwance a cikin hanci, sai an kunna su ɗago. A Japan dillalai daban ne ke sayar da kowacce, shi ya sa aka yi suna biyu ga mota ɗaya. Kowace fuska ta fito da kowane bodi, don haka haɗin huɗu ne.

Trueno mai ƙofa 3, fara da baƙi, ita ce ta fi kowacce farashi, saboda ita ce motar jarumin labarin zanen Japan mai suna Initial D da ya fara fitowa a 1995. Sakamakon haka Levin da yawa, da AE85 da yawa, sun wayi gari Trueno. Sauyin yana buƙatar bonet, fenda biyu, bamba da maƙalansa, fitilu da injinan da ke ɗaga su, fitilun kusurwa, da wayoyinsu. Ga inda ake gane aikin da aka yi a baya: wayoyin fitila da aka yanka aka haɗa da salatif, makunnin ɗaga fitila da aka liƙa a dashbod a wurin da ba nasa ba, notocin fenda da fentinsu ya goge, da launin cikin ɗakin inji da bai yi daidai da na waje ba.

Gwada fitilun sau da yawa a jere. Su tashi tare, su kwanta tare, murfinsu ya daidaita da layin bonet. Idan ɗaya tana jinkiri, yawanci man giris ne ya bushe a gaɓoɓin sandar ɗagawa ko wayar ƙasa ta yi tsatsa. Idan ɗaya tana ta buɗewa da rufewa ba ta tsayawa, matsalar tana makunnin da ke cikin injin ɗagawar. Kowane inji yana da ɗan murfi da ake murzawa da hannu a ɗaga fitila idan lantarki ya ƙi. Cire kan batir kafin ka sa hannu, domin injin yana iya tashi ya datse yatsa.

Mataki na 6: Zubin farko ko na biyu

A watan Mayun 1985 Toyota ta yi wa motar kwaskwarima. Masu harkar suna kiran zubin farko zenki, na biyu kouki, kuma da waɗannan sunaye ake sayar da kayan gyara a ko'ina, don haka sai ka riƙe su.

A Trueno zenki, ragar gaba abu ne daban da ke tsakanin fitilu. A kouki an haɗe ta da bamba, fitilun kusurwa suka ƙara girma. Tsawon motar ma ya ɗan ƙaru: Trueno daga milimita 4,205 zuwa 4,215, Levin daga 4,180 zuwa 4,200. Levin GT-APEX zenki tana da wani abu da babu a sauran: raga mai buɗewa da rufewa da kanta gwargwadon zafin ruwan inji. Idan inji da sanyi tana rufe, ya yi zafi ta buɗe. Yawancinsu sun daina aiki, kuma wadda ta maƙale a rufe tana hana lagireto iska. A ƙasa mai zafi gara a kafe ta a buɗe. A kouki an daina ta, aka sa raga mai fitilun hazo a ciki. Fitilun baya ma sun sauya zane, kuma na Trueno kouki mai ƙofa 3, baƙaƙe masu jan layi a sama, su ne aka fi nema, shi ya sa ake ganinsu a kan motocin da ba nasu ba.

Duk waɗannan ado ne. Bambancin da ke cin kuɗi yana cikin aksil ɗin baya. Sandunan aksil na kouki sun fi na zenki kauri a bakin da ke shiga difa, da kusan milimita 1. LSD na zenki ba ya karɓar sandar kouki, na kouki kuma sandar zenki tana yi masa sako-sako. Tunda aksil abu ne da ake sauyawa gaba ɗaya, shekarar mota ba za ta gaya maka wanne ke ƙarƙashinta ba. Kafin ka sayi LSD ko sanda, kwance noti 4 na bayan birki, zaro sanda ɗaya, ka auna bakinta da ma'auni. Aikin awa ɗaya ne, kuma ya fi maka sayen abin da ba za a karɓa ba idan ka mayar.

Haka bamba. Idan za ka sauya daga wani zubi zuwa wani, sayi bamba, maƙalai da fitilun kusurwa a matsayin saiti guda daga mota ɗaya.

Mataki na 7: Aji

A Japan azuzuwa uku ne masu 4A-GE.

GT mai ƙofa 2 ce kawai. Ita ce mafi sauƙin farashi da nauyi, rim inci 13, birkin ganga a baya, kayan ciki ba ado. Masu shirya motar tsere sun so ta don ba abin da za su cire su zubar.

GT-V mai ƙofa 3 ce kawai, kuma manuwal. Faifai a tayoyi huɗu, rim inci 14 da taya 185/60, sitiyari ba fawa amma mai saurin amsawa: juyi 3 daga ƙarshe zuwa ƙarshe, maimakon 3.5 na sauran marasa fawa. Wannan ana iya ƙirgawa a tsaye, kuma yana daga cikin 'yan alamomin da mai sauya tambari bai cika damuwa da su ba. A ganina ita ce ajin da aka fi rainawa ba bisa ƙa'ida ba.

GT-APEX ta fito a bodi biyun. Ita ce mai kayan jin daɗi: faifai huɗu, kujeru masu riƙe jiki, madubi na lantarki, fenti mai launi biyu, waifa a gilashin baya na mai ƙofa 3, yawanci da fawa sitiyari, kuma a ita ake samun dashbod na dijital. Fentin mai launi biyu fari da baƙi ne, ko ja da baƙi, ko ruwan azurfa da baƙi. A nan hoton farantin da ka ɗauka zai yi aiki: lambar fenti mai launi biyu da 2 take farawa, sai harafi da lamba. Idan faranti ya nuna launi ɗaya, baƙin da ke ƙasa daga baya aka fesa shi. Ɗaga kafet ɗin but, ka leƙa ramin safaya da bayan robar ƙofa, nan launin asali yake ɓuya.

Otomatik mai giya 4 da kouki ta zo, a GT da GT-APEX. Da yawa an mayar da su manuwal. Harafin P a faranti da feda uku a ƙasa shi ne shaida. Irin waɗannan sau da yawa bodinsu ya fi lafiya, domin masu su na farko ba 'yan tsere ba ne.

A 1986 aka fitar da Black Limited, guda 400 kacal, dukkansu Trueno GT-APEX kouki mai ƙofa 3, baƙa da rim da rubutu masu ruwan zinare, agogon dashbod yana haske ruwan lemo. Duk wadda aka kira da wannan suna alhali zenki ce, ko mai ƙofa 2, ko Levin, magana ta ƙare.

Mataki na 8: Wace kasuwa aka yi wa ita

Amurka da Kanada fuskar Trueno kaɗai suka samu, amma da sunan Corolla, da dogon bamba mai nauyi da dokar can ta tilasta, da ƙananan fitilu a gefen fenda. Bamba na Japan ba ya hawa kan maƙalan Amurka, sai an sauya maƙalan. Turai fuskar Levin ta samu da sunan Corolla GT.

Injin ma ya bambanta. Na Japan, 4A-GEU, an rubuta masa doki 130 a juyi 6,600. Na Amurka, 4A-GEC, doki 112. Tazarar ba ta kai yadda lambobin suka nuna ba, domin a lokacin Japan tana auna inji tsirara ba tare da kayan da ke jan ƙarfinsa ba. Bambancin da zai shafe ka shi ne yadda suke auna iska: na Amurka yana da akwatin awo mai marfi tsakanin matatar iska da inji, na Japan kuwa ƙaramar na'ura ce mai auna matsi ta siririn tiyo. Kwamfutarsu da wayoyinsu ba sa musanya. Haɗa kwamfutar wannan da wayoyin wancan yana daga cikin dalilan da ke sa mota ta ƙi tsayawa a silo ko ta riƙa baƙin hayaƙi.

Ga mai tunanin kawo ta Najeriya, Nijar ko Gana, hannun tuƙi shi ne tambayar farko. Ƙasashen uku a dama ake tuƙi, Najeriya tun 1972, Gana tun 1974, kuma Najeriya da Gana suna da dokar hana motoci masu sitiyari a dama. Duk ta Japan, Ingila ko Ostireliya a dama sitiyarinta yake. Masu na hagu su ne na Amurka, Kanada da ƙasashen Turai irin su Jamus da Faransa. Mayar da sitiyari daga dama zuwa hagu yana nufin huda bangon inji, sauya dashbod, rak, fedoji da waifa, kuma yana zubar da darajar motar. Sannan akwai iyakar shekarun motar da kwastan ke bari a shigo da ita, wadda AE86 ta daɗe da wucewa. Ka warware wannan da jami'an kwastan kafin ka tura ko sisi, kada ka yi cinikin biri a sama.

Mataki na 9: Injin da ke ciki

4A-GE na asali cc 1,587 ne, bawul 16, murfinsa ruwan azurfa da rubutu baƙi da shuɗi. Yana da T-VIS, tsarin da ke rufe rabin hanyoyin iska a ƙaramin juyi ya buɗe su bayan an wuce 4,000. A tuƙi za ka ji sautin ya sauya a nan. Bulok ɗinsa yana da haƙarƙari 3 a gefe, na AE92 yana da 7. Ganin mai 7 ba abin tsoro ba ne, ya ma fi ƙarfi, amma ba na asali ba ne. Masu bawul 20, na AE101 da AE111, an yi su don kwanciya a gicciye, don haka distiributa ɗinsu tana karo da bangon inji. Idan ka ga an bubbuga bangon da guduma ya lotsa, dalilin ke nan, kuma ka duba yadda aka bi da bututun ruwa a bayan inji, domin nan yoyo ke farawa.

Mataki na 10: Tsatsa da sayen kaya

Inji ana samu, bodi ba a samu. Bi bakin fendar baya da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa foti ne. Sa hannu a aljihunan da ke bayan tayoyin baya daga cikin but, nan ruwa ke taruwa ya ci ƙarfe daga ciki. Duba ramin safaya, ƙarƙashin ƙofofi, mazaunin batir, da kusurwoyin gilashin gaba. A mai ƙofa 3 ƙara da gefen ƙasa na murfin baya da kewayen gilashinsa. A mai ƙofa 2 duba ƙarƙashin gilashin baya da magudanar bakin but. Mai tagar rufi kuma, zuba ruwa kofi ɗaya a kowace kusurwa ka ga ya fito ƙasa, idan bai fito ba yana cikin bodi. Motar da aka yi zamiya da ita tana tsagewa a inda sandar gicciye ta aksil ɗin baya ta kama bodi, da kuma saman mazaunin shokozoba na gaba. Sabuwar walda a nan ba aibi ba ce idan an yi ta da kyau, amma ka auna tazarar taya gaba da baya a gefe biyu. Bambancin da ya wuce 'yan milimita yana nufin shasi ya taɓa karkacewa.

Tun 2021 sashen Gazoo Racing na Toyota ya koma ƙera wasu kayan AE86, ya fara da kalifar birkin baya, hannun sitiyari da sandunan aksil. Kayan ado kuwa, irin su fitilu, robobi da kayan ciki, yawanci sai na hannu. Duk lokacin da za ka yi oda, tura wa mai sayarwa abu biyar a saƙo ɗaya: hoton faranti, Levin ko Trueno kamar yadda fuskar take yanzu, ƙofa 2 ko 3, zenki ko kouki na ɓangaren da za a sauya, da gefen da sitiyari yake. Fitilar Levin ta Japan tana jefa haske zuwa hagu, don haka a titin da ake bin dama za ta riƙa kashe wa masu zuwa ido. Nemi ta Turai mai sitiyarin hagu.